Jar Miya a Ƙofar Sahabi

Masu riƙe da labarin sun ce a birnin Lublin na ƙasar Poland an yi wani mutumin Argungu ana ce masa Sahabi, yana aiki a gidan gasa burodi. Shekararsa shida a can tare da matarsa Larai da 'yarsu Atine, wadda ta yi wayo a garin, har harshen ƙasar ya fi zama a bakinta fiye da Hausa. Ana nan sai Larai ta kwanta ciwo, kwana goma sha ɗaya Allah ya karɓi abarsa.

Da aka dawo daga maƙabarta, Sahabi ya yi abin da ya ga iyayensa suna yi. Ya buɗe ƙofarsa da ke hawa na uku, ya tokare ta da takalmi, ya shimfiɗa barguna a ƙasa tunda babu tabarma, ya dafa shayi, ya zauna karɓar gaisuwa. Mutanen masallaci suka zo, su bakwai ko takwas. Amma maƙwabtan da suka shekara shida suna hawa bene ɗaya da shi, ko ɗaya bai leƙo ba. Yana jin takunsu. In sun zo daidai ƙofarsa sai su sassauta ƙafa, su wuce sumumu.

Wannan abu ya tsaya masa a rai fiye da yadda zai iya faɗa. Da aka yi sadakar arba'in sai ya nemo kwalaye ya fara ɗaure kaya, ya rubuta takardar barin aiki ya sa a aljihu. Atine ta yi kuka har ta gaji, ta ce ita ba ta san kowa a Argungu ba. Bai saurare ta ba.

Kafin ya miƙa takardar, ya ce bari ya je ya yi sallama da Baba Tanimu. Shi wannan tsoho mutumin Gumel ne, ya zo karatun likitan dabbobi tun yana saurayi, ya zauna har gemu ya yi fari. Sahabi ya same shi da hantsi a bayan gida yana watsa wa tantabarunsa hatsi.

Bayan sun gaisa Sahabi ya ce, "Baba, tafiya zan yi. Ba zan raini 'yata cikin mutanen da ba su san mutuwa ba. Kuma ba su tsaya nan ba, har zagi suke aiko mini."

Ya zaro wata kwalba daga jaka ya dire. Cike take da wani jan ruwa kamar jini, a kan murfin an zana alade, an ja masa layi biyu a gicciye.

"Wannan ce ta shida. Duk Lahadi sai na tarar da ita a ƙofata. Ko asiri ne, ko ni ake kira alade, Allah ya isa."

Baba Tanimu ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana, ya ajiye. Ya jawo kujera ya ce, "Zauna, ɗana. Jirgi ba zai tashi yau ba. Ina tsoron kada ka yi irin ta Bawa mai tsinkar tuffa."

Sahabi ya ce, "Wane ne Bawa, Baba?"

Baba Tanimu ya gyara zama ya ce:

Shekaru da yawa da suka wuce, an yi wani ɗan Maraɗi sunansa Bawa, ya sami aiki a gonar tuffa ta wani manomi mai suna Zenon. Bawa mutum ne mai gaisuwa, ko akuya ya gani sai ya yi mata sannu. Da ya fara jin harshen sai ya riƙa tare maigidan da safe yana tambayarsa kwana da gajiya da iyali. Shi kuwa Zenon, da yake a nan in ka tambayi mutum lafiya ya ɗauka da gaske kake son sani, sai ya tsaya ya lissafa masa: bayansa na ciwo, ruwa ya yi yawa, tsutsa ta shiga tuffa. Bawa ya koma ɗaki yana cewa, "Oho, wato tun da na zo gonar ta lalace. Da ni yake."

To, mutanen nan kowane suna yana da ranarsa a shekara, in ta zagayo sai a yi wa mai sunan biki. Ranar tsohuwar Zenon ta zo, wata Kaka Yadwiga, shekararta tamanin da ɗoriya. Bawa ya ce yau zai wanke kansa. Ya ga ana kai furanni, sai ya shiga gari ya tarar da mata jere a bakin wata katanga suna sayar da wasu manya-manya, farare, masu cika ido. Bai tambayi abin da ke bayan katangar ba. Ya zaɓi tukunya mafi girma ya rungumo, ya shigo ana tsakar cin abinci, ya dire a gaban tsohuwa yana washe baki.

Ɗaki ya yi tsit. Cokali ya faɗi daga hannun matar Zenon. Katangar nan ta maƙabarta ce, furannin kuwa ba a kai wa mai rai su, a kan kabari ake ajiyewa.

Ba wanda ya gaya wa Bawa. Shi dai ya ga fuskoki sun canja, ya fita a fusace, ya ce ya kawo alheri an raina shi don baƙar fatarsa. Da gari ya waye ya ɗaure ƙunshinsa. Yana fitowa sai ya tarar da Kaka Yadwiga zaune a kan benci, ga tukunyar furen a gefenta. Ta ce, "Kai mai binne ni da raina, zo nan." Ta bayyana masa abin da ya yi, tana dariya har da tari. Bawa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk da haka ya ce, "Kaka, ko ba wannan, ɗanki ba ya ƙaunata. Wata huɗu ban ga haƙorinsa ba."

Ta ce, "Ni da na haife shi sau nawa na gani? Ka san labarin shamuwar da ta ƙi yin ƙwai?"

Ya ce, "Ban sani ba, Kaka."

Ta nuna masa wata ƙatuwar sheƙa a kan rufin rumbu, wadda babu kowa ciki don tsuntsayen sun riga sun tafi, ta ce:

Tsuntsayen nan rabin shekara suna wajenku, rabi suna wajenmu, ko'ina baƙi ne. Wata shekara wata matashiyar shamuwa ta sauka a kan rufin wani manomi tare da mijinta, wanda ya girme ta, ya kuma san hanya. Kwana uku tana kallon maigidan yana fita yana shiga, kansa a ƙasa, ko ɗaga hula bai yi ba. In ya zo kusa da rumbun ma sai ya kori karensa, ya bi ta nesa.

Ta ce wa mijin, "Ni ba zan yi ƙwai a nan ba. Can ƙasar rana in mun sauka yara suna bin mu da tafi, mata suna cewa ruwa ya kusa. Wannan kuwa gudunmu yake kamar masu cuta. Tashi mu koma."

Mijin ya ce, "Za mu koma. Amma kafin nan tona ƙarƙashin ƙafarki."

Ta sa baki ta kawar da kirare, ta kawar da ciyawa, sai ta ci karo da katako da ƙarfe. Ƙafar amalanke ce, an kwantar da ita a kan rufin, an ɗaure tam da waya, a kanta aka ɗora sheƙar duka.

Ya ce, "Kin taɓa ganin ƙafar amalanke ta yi fiffike?"

Ta ce, "A'a."

Ya ce, "To, wannan mai sunkuyar da kan shi ya hau tsani da ita, cikin ƙanƙara, tun muna can muna cin fara. Bai san ko za mu zo ba."

Ta ce, "In yana son mu, don me yake kewaye mu?"

Ya ce, "Don yana tsoron in ya yi motsi ki firgita ki tashi."

Shamuwa ta gyara sheƙar ta kwanta. A wannan shekarar 'ya'ya huɗu ta ƙyanƙyashe.

Da Kaka Yadwiga ta kai nan sai ta zunguri ƙafar Bawa da sandarta ta ce, "Kai ma dubi ƙasa. Takalmin nan mai gashi a ciki, da ka tarar a bakin ɗakinka ranar da sanyi ya fara, ka zaci fiffike ya yi?"

Bawa ya dubi takalmin. Ya tuna Zenon ya yi sati yana yawo da wani tsohon takalmi mai shan ruwa. Ya kwance ƙunshinsa. Shekara tara ya ƙara a gonar, kuma da Kaka Yadwiga ta rasu, shi ya ɗauki irin furannin nan ya kai mata, wannan karon a inda ya dace.

Baba Tanimu ya watsa wa tantabaru wani hatsin. Sannan ya ce, "Bawa ya yi wa mutane laifi bai sani ba, sun yi masa alheri bai gani ba. Miƙo mini cokali."

Ya buɗe kwalbar, ya shinshina, ya ɗiba ya kai baki. Sahabi ya miƙe tsaye yana salati.

"Zauna. Miya ce. Wani jan tushe ne mai kama da dankali suke dafawa, shi ya ba ta wannan launi. Kuma mai dafa wannan ta iya girki. Aladen da aka soke kuwa, ɗana, ce maka ake yi babu shi a ciki. Wani ya san kai Musulmi ne, ya ji tsoron ba ka iya karanta rubutunsu da kyau ba, ya zauna ya yi maka zane."

Sahabi ya koma kan kujera a hankali. Can ya ce, "To, Baba, ta'aziyyar fa? Ƙofata a buɗe take kwana uku."

"Mu in an yi mana rashi muna son a cika mana gida. Su da yawansu suna son a bar su, sai su yi maka abin da suke so a yi musu. Ba na ce tasu ta fi tamu ba. Ni ma da tawa matar ta rasu shirun nan ya kusa kashe ni. Amma wanda ya sassauta ƙafa a ƙofarka ya san akwai mutuwa a ciki."

Sahabi ya rufe fuska da hannu ya daɗe. Da ya ɗago ya ce, "Na ji, Baba. Biyar na zubar a shara."

"To, ka shiga uku, don mutanen nan sun fi jin zafin kwalba a kan abin da ke ciki. Ka mayar da wannan, kuma kada ka mayar da ita wayam. Nan dai mu da su ɗaya ne."

Da ya koma gida ya nuna wa Atine murfin. Ta ce, "Ai Pani Halina ce, ta ƙofar da ke kallon tamu. Haka take zana mini dabbobi." Pani shi ne yadda suke cewa uwargida. Ita Halina tsohuwa ce mai ɗaurarriyar fuska, Sahabi bai taɓa jin ta faɗi kalma uku a jere ba.

Suka ɗuma miyar suka sha da burodi. Ya wanke kwalbar ya busar. Ya buɗe kwalin da ya riga ya ɗaure, ya ciro gwangwanin yajin da Larai ta daka kafin ta kwanta, wanda tun rasuwarta bai iya taɓawa ba. Ya raba biyu, ya zuba rabi a kwalbar.

Ya ƙwanƙwasa. Halina ta buɗe, ya miƙa mata daga waje. Ta ja da baya ta ce, "Ba a bakin ƙofa ba, ba kyau. Shigo." Ta jawo hannun rigarsa, ta tura masa silifas.

Tambayar farko da ta yi ita ce, "Ina sauran biyar ɗin?"

Ya faɗa mata gaskiya, da ɗan abin da ya iya na harshensu, Atine tana cike masa. Halina ta dafe kai. "Miya dai ta tafi. Amma kwalabe biyar masu murfi!" Ta buɗe yajin ta kai hanci, sai atishawa, har uku. Ta share ido, amma idon bai daina zuba ba.

Ta ce, "Matarka kullum da safe sai ta tsayar da ni a bene ta yi ta magana da harshenku, tana dariya. Shekara shida ban san me zan amsa ba. Yanzu benen ya yi shiru."

Sahabi ya ce, "Tambayarki take ko kin tashi lafiya. Cewa ake yi, lafiya lau."

Ta gwada sau biyu, ta ɗaure fuska ta ce ya zauna shayi zai huce.

Ranar Litinin Sahabi ya sa rigar aiki ya riƙo hannun Atine zai kai ta makaranta. Takardar barin aikin tana cikin kwandon shara. A hawa na biyu suka haɗu da Halina tana hawowa da jakar kasuwa. Kafin ya buɗe baki ta tsaya, ba murmushi ko kaɗan, ta dube shi ta ce, "Lafiya lau."

Ya ce, "Madalla." Ya karɓi jakar ya juya ya hau da ita.