Koriyar Leda a Kan Injin

Tsao Wen-liang mutum ne mai ilimi, wannan ba mai hana shi. Aibinsa ɗaya ne: duk abin da bai karanta a littafi ba, a wurinsa shirme ne. Shekara goma sha biyu ya yi a Amurka kafin a kawo mana shi manaja, a masana'antar ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke birnin Hsinchu. Kamfanin da ƙwaƙwalwar agogo ya fara, daga baya ya koma ta waya. Lokacin da Tsao ya zo, sashenmu ne mafi tsufa, kuma an ba mu dama ta ƙarshe: ko mu fitar da ƙwaƙwalwar mota mai inganci, ko a rufe mu.

A ƙasan bene, inda famfuna da bututu suke, kowane injin da koriyar ledar gugguru a kansa, wai don ya yi ladabi, kada ya lalace. Dole koriya, kuma kada wa'adinta ya wuce. Pan Su-chin, wadda ta shekara ashirin da shida a wurin, ita ke zagayawa duk Litinin tana dubawa.

A makonsa na biyu Tsao ya same ta tana wannan aiki.

"Yaya Su-chin, injin ne ke cin guggurun, ko ke?"

"Manaja, ka bar su. Ba su tare wa kowa hanya ba."

"Baƙi na zuwa daga Jamus. So kike su ce bokaye muka ɗauka aiki?"

"Ni dai in na zo duba su, nakan..."

"Ga allon kwamfuta can a sama yana nuna mana komai. Ki huta da hawa da sauka, gwiwoyin nan su sarara."

Muka yi dariya, har da ni. Ta kwashe ledojin a kwali, muka cinye da rana. Aka mayar da ita bakin ƙofa tana raba fararen rigunan aiki.

Faifan da ake yanka ƙwaƙwalwa daga jikinsa wata uku yake yi yana bin injuna, kuma sai a ƙarshe ake sanin halinsa. Da aka gwada namu, cikin kowace ƙwaƙwalwa ɗari, goma sha tara ce ta yi aiki. Kwana goma sha ɗaya ana bincike kafin a gano wani famfon ruwa da cikinsa ya cinye, yana zubar da garin ƙarfe da ido ba ya gani a cikin ruwan wanke faifan. Allo bai nuna komai ba, domin ƙarfin ruwan bai ragu ba.

Mai binciken ya sa aka kira Su-chin, ya tambaye ta yadda aka yi hakan bai taɓa faruwa a baya ba.

Ta ce, "Ledar tana can sama, ni kuma gajera ce. Sai na dafa famfon nake kai wa. In na ji yana rawar da ban sani ba, sai in gaya wa kanikawa."

"Me ya hana ki gaya wa manaja?"

"Na fara."

Tsao yana zaune a wurin. Bai ma ɗaga kai ba.

Masu ƙera motar da muke yi wa ƙwaƙwalwar suka kai aikinsu wani wuri. Ranar da aka karanta mana takardar rufe sashen, na jira in ji haushi ko baƙin ciki, ban ji komai ba. Mu ɗari da arba'in muka yi layi muna miƙa katin shiga. Su-chin ce a gabana, Tsao a bayana.

Darasin da ke nan shi ne, kada ka kawar da abin da ka tarar mutane na yi don kawai ya ba ka dariya. Tambayi mai yin sa tukuna, kuma ka bar shi ya kai ƙarshen maganarsa. Ilimin da ba ya sauraro, mai shi yakan faɗi, ya kuma tafi da waɗanda ba su ji ba ba su gani ba.