Tambaya Ta Uku A Gindin Dutse

Akwai wani ma'aikaci mai suna Sadisu, da aka turo Jalingo daga Yola bayan an ba mu jiha. Shekara ta biyu ce da zuwan ma'aikata, lokacin da ɗaki ya yi wuya har mutum uku kan kwana a shago ɗaya. Shi ya samu nasa a unguwar Sintali. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, in yana magana kamar an kunna rediyo.

A lokacin akwai wasu mutane da ke taruwa duk Asabar ɗin ƙarshen wata su hau duwatsun da ke bayan gari, ta wajen Kona. Su goya jakunkuna da tabarmi, su kwana a sama, su sauko Lahadi. Kada ku tambaye ni dalili. Mu da muka tashi muna hawa don itace da ciyawa ba mu taɓa ganin abin sha'awa a ciki ba. Amma a gindin mangwaron da nake sayar da kunu da ƙosai suke haɗuwa, saboda haka na san su ɗaya bayan ɗaya. Ban iya rubutu ba, faɗa nake ana rubutawa. Ido da kunne kuwa ba na aron na kowa.

Jagoransu Bappa Hammanjoda ne, tsohon makiyayi da shanunsa suka ƙare ya zama masinja. A ofis shi ke kai takarda. A dutse, ko darakta bayansa yake bi.

Yana da ƙa'ida ga sabon zuwa. Mutum zai tsaya a gaban jama'a, ya zazzage jakarsa a kan tabarma kowa ya gani, sannan ya amsa tambaya uku. Sunanka? Daga ina? Me ke damunka a jiki?

Ta ukun ce mai amfani, don da ita yake jera layi. Wanda ya fi rauni shi ne a gaba, dab da Bappa, kowa ya bi tafiyarsa. Wanda ya fi ƙarfi shi ne na ƙarshe, kuma shi ke goya babbar jarkar ruwan jama'a. Ba a waiwayar na ƙarshe. Ai don ba ya bukatar a waiwaye shi ne aka sa shi can.

Ranar da nake ba ku labari watan Maris ne, tun da safe zafi ya fara. Sababbi biyu suka zo, Sadisu da wata mata mai suna Lois.

Kafin a taru, Sadisu ya zo sayen kunu. Yana kurɓa na ji ƙirjinsa na wani ɗan fito siriri, kamar iska ta ramin ƙofa. Na san wannan sautin. Da shi maigidana ya yi shekara tara kafin ya rasu.

Ya waiwaya hagu da dama, ya miƙo min wani abu a ƙulle cikin hankici.

"Dada, ajiye min wannan. Gobe in na sauko zan karɓa."

"Mene ne?"

"Ba komai. An ce ana zazzage jaka, ba na son surutu."

Na taɓa ta cikin hankicin. Ɗan abin nan ne shuɗi da masu asma ke fesawa a baki.

Na ce, "Wannan ba abin bari a ƙasa ba ne."

Ya ce, "Dada, ke dai ki soya ƙosanki."

Na sa shi a ƙarƙashin faranti.

Aka taru, su goma sha biyu. Lois ce ta fara tsayawa. Gajera ce, ta haura arba'in, da takalmin roba da zane a ɗaure kan wando. A jakarta akwai gari, da sukari, da bargo, da man zafi.

"Sunana Lois. Tela ne ni, a unguwar Mayo Gwoi. Shekara goma sha ɗaya ina ɗinki ina kallon dutsen nan ta taga. Na ce kafin in mutu bari in ga shagona daga sama."

"Me ke damunki a jiki, Adda?" in ji Bappa.

"Gwiwa na hagu ba shi da kyau. Ina tafiya a hankali. Kuma ina jin tsoro, in wannan ma ciwo ne."

"Shi ma muna lissafa shi. Ke ce a bayana."

Sadisu ya yi dariya. "Madam, da kin faɗa tun jiya ai da mun taho da baro."

Mutum biyu ko uku suka taya shi. Lois ta sunkuya tana mai da kayanta cikin jaka.

Da nasa ya zo, sai ya gyara tsayuwa yana kallon Oga Nehemiya, shugabansa a ofis, wanda shi ma ɗan ƙungiyar ne. An ce a watan za a zaɓi waɗanda za a riƙa turawa rangadi ƙauyuka, kuma Oga ne mai zaɓe. Abin da ya kawo Sadisu ke nan, ba dutse ba.

"Sunana Sadisu, daga Yola. Na hau dutsen Mambila da ƙafa, wannan kuwa tudu ne a wurina."

"Me ke damunka a jiki?"

"Ni? Ko ciwon kai ba na yi."

Bappa ya dube shi. "Ɗana, na sake tambaya. Nan ba ofis ba ne, ba a rubutawa a fayil."

"Lafiyata ƙalau, Bappa."

"To, madalla. Yaron nan Albarka ne ke ɗaukar jarka, amma ya ce bai daɗe da tashi daga zazzaɓi ba. Yau taka ce. Kai ne na ƙarshe."

Sadisu ya tsaya yana kallon jarkar. Amma Oga Nehemiya ya dafa shi ya ce, "Haka ake son matasa." Shi ke nan, ya juya baya aka ɗaura masa jarka.

A nan nake da nawa laifin. Na yi tunanin in tona shi a gaban kowa, ban yi ba. Na ce babba ne, ba zan kunyata shi a gaban ogansa ba. Abin da na yi, na kira Lois kamar zan ƙara mata ƙosai, na danna mata hankicin a hannu.

"Na mai bakin nan ne. Ki riƙe."

Ta leƙa, ta dube ni. "'Yata ma da shi take amfani," ta ce, ta soke shi a ƙugu.

Suka tafi. Abin da ya faru a sama daga bakin Lois na ji, Albarka kuma ya tabbatar min.

Tafiyar awa biyu suka yi kafin hutun farko. Rana ta buɗe, duwatsu sun ɗauki zafi, ciyawa duk ta bushe. Sadisu ya iso a ƙarshe, ya zauna nesa da mutane, ya juya musu baya. Lois ta ɗingisa ta je wurinsa.

"Malam Sadisu, Dada ta ba ni saƙonka."

Ya dubi inda Oga yake zaune. Ya ce a hankali, yana jan numfashi tsakanin kalma da kalma, "Ba ni da saƙo wurin kowa. Ki kula da gwiwarki."

Ta koma wurinta.

Daga nan hanya ta miƙe tsaye, tsakuwa na zamewa ƙarƙashin ƙafa. Kowa yana kallon dugadugan na gabansa. Gorunan hannu suka ƙare. A hutu na biyu, ƙarƙashin wani dutse mai inuwa, aka zauna jiran jarka.

Jarka ba ta zo ba.

Wani ya ce, "Mai Mambila ya tsaya kallon gari ne."

Wani ya ce, "Ko ya bi ta gajeriyar hanya, yana jiranmu a sama."

Ba wanda ya tashi. Me zai sa su tashi? Mutum ya faɗa da bakinsa cewa ko ciwon kai ba ya yi.

Lois ta kwance ƙugunta ta nuna wa Bappa abin, ta ce na Sadisu ne. Ya daɗe yana kallonsa.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ƙasa."

Ya miƙe. Ta ce, "Bappa, ba ka san yadda ake fesawa ba. Ni na sani." Ta bi shi.

Mai ciwon gwiwa hawa ba ya ba shi wuya kamar gangara, balle da sauri. Sun yi nisa kafin su hango Sadisu. Yana jingine da dutse, baki buɗe, leɓɓansa sun canja launi, yana jan iska ba ta shiga. Ya kwance jarkar don ya samu numfashi, ta suɓuce ta gangara ta fashe. Ƙasa ta riga ta shanye ruwan.

Saura taku kamar ashirin tsakuwa ta kwashe Lois. Gwiwar nan ta hagu ta murɗe, har Bappa ya ji ƙarar. Ba ta iya tashi ba. Da zama ta ƙarasa, tana jan jiki. Ta tallafe kan Sadisu, ta sa masa abin a baki.

"Ja. Riƙe. Kar ka saki sai na ce."

Sau uku ta yi masa haka kafin iska ta fara shiga.

Ba wanda ya kai sama ranar. Mutum goma sha biyu, babu ruwa, biyu ba sa iya tafiya, rana a tsakiyar kai. Albarka, wanda bai gama warkewa ba, shi ya goya Lois. In ya gaji Oga Nehemiya ya karɓa. Bappa ya rungumo Sadisu, taku goma su tsaya. Hanyar da suka hau a awa uku, sai da ta ci musu shida.

Ni kuwa ƙosai ya ƙare tun hantsi, amma na kasa tafiya gida. Na je rijiya sau biyu na cika tukunya da bokiti, na zauna. Bayan la'asar na hango su suna saukowa kamar masu dawowa daga jana'iza. Ba wanda ya gaishe ni. Suka zube a gindin mangwaro, ina miƙa moɗa suna karɓa.

Bappa ya sha, ya wanke fuska, sannan ya dube ni.

"Dada, da kin faɗa min."

Na ce, "Da na faɗa."

Iyakar abin da muka ce ke nan, kuma ya isa.

Sadisu ya warke cikin kwana biyu. Lois ta yi wata ɗaya a kwance. Keken ɗinkinta na ƙafa ne, saboda haka ɗinkin Ista duk ya wuce ta. Likita ya ce za ta yi tafiya, amma ita da dutse sai kallo.

Rangadin ma wani aka ba. Oga Nehemiya ya ce wa Sadisu, "Ba don ƙirjinka ba ne. Da mai asma ana tafiya, a san yadda za a yi da shi. Wanda ba a san abin da yake ɗauke da shi ba ne ba a tafiya da shi."

Wata biyu Sadisu bai zo ba. A na uku, bayan ruwa ya sauka, sai ga shi da jaka. Lois tana zaune a bencina da sanda, don ta ce ko ba ta hawa za ta riƙa zuwa ganin tashinsu. An ce Sadisu yana zuwa shagonta yana ɗebo mata ruwa. Ban yaba masa ba. Ruwa ba ya gyara gwiwa.

Ya shimfiɗa tabarma da kansa, ya zazzage jakar. Abin shuɗin ya faɗo a saman kaya, ya bar shi a nan kowa na gani.

Bappa ya ce, "Sunanka?"

"Sadisu."

"Daga ina?"

"Daga Sintali. Mambila kuwa a mota na je."

"Me ke damunka a jiki?"

"Ina da asma tun ina yaro. In na yi sauri ko na ɗauki nauyi tana tashi."

Ba wanda ya yi dariya. Bappa ya juya ga jama'a. "Sabon zuwa ne, ku yi masa maraba. Kai ne a bayana."

Da za su tashi Sadisu ya tsaya a gaban Lois. Ita ce ta yi magana.

"In ka kai sama ka nemi Mayo Gwoi. Kusa da gada akwai rufin kwano mai tsatsa, da bishiyar gwanda a gefe. Ka duba min ko ana gani."

Washegari da suka sauko, bai ko ajiye jaka ba ya nufi shagonta.

"Ana gani, Adda. Ƙarami ne ƙwarai, amma ana gani. Har da gwandar."

Ta ce, "To." Ta mai da ƙafar dama kan keke, ta ci gaba da ɗinki.

Darasi: In ka shiga cikin sababbin mutane aka ce ka faɗi ko kai wane ne, ka faɗi rauninka tare da sunanka. Da abin da ka faɗa za a auna kayan da za a ɗora maka, kuma in ka faɗi ƙasa, sau da yawa wanda bai yi ƙaryar ba ne zai rame saboda kai. Kai kuma da ka ga haɗari, kada kunya ta rufe maka baki kamar yadda ta rufe min. Ku tura wa 'yan'uwa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.