Wallahin da Maliki Ya Kasa Faɗa

Akwai wani dillalin dabbobi a unguwar Briqueterie ta birnin Yaoundé, sunansa Maliki. A Brique ɗin, kamar yadda ake taƙaita sunan, aka haife shi, a nan aka haifi mahaifinsa, kuma tun yana saurayi yake sammakon zuwa kasuwar dabbobi ta Etoudi. Mutum ne mai kirki da sakin hannu, amma fa Allah ya zuba masa saurin fushi. In ransa ya ɓaci, abin da ke hannunsa shi ke fara ɗanɗana kuɗarsa.

Dillancin yanzu kuwa duk a waya yake. Ma'aikatan ofis na unguwannin Tsinga da Cité Verte ba sa son shiga taɓon kasuwa da takalmansu masu ƙyalli, sai su ce a turo musu hoto. Maliki zai ɗauki bidiyon rago, ya buɗe masa baki a ga haƙora, ya zagaya shi gaba da baya, mai saye ya zaɓa yana kan kujerarsa. Da wannan wayar yake ciyar da gidansa.

Saura kwana takwas Babbar Sallah, kasuwa ta cika ta batse, sai ga kiran ƙanensa Sabiru daga Ngaoundéré.

"Yaya, ka yi haƙuri, motar ta tashi ba mu loda ragunan ba. Na je ɗaurin auren abokina, kafin in dawo wani ya cike gurbinmu."

Maliki bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Ya ɗaga wayar ya maka ta da ƙofar ƙarfen garke. Gilashin ya tarwatse, bayanta ya lanƙwashe, ta mutu murus.

Kafin minti biyu fushin ya sauka, kamar yadda ya saba. Ya tsuguna yana tsintar gutsattsarin. Duk masu sayen da suka yi masa alkawari suna jiran hoto ne, kuma duk abin da ya mallaka ya zuba shi a ragunan da ke Ngaoundéré. Ba shi da halin sayen wata wayar kafin Sallah. In makon nan ya wuce shi ba waya, shekarar ce ta wuce shi.

Mutum ɗaya ne ya ga abin da ya faru, amininsa Gajere, wanda shi ma dillali ne. Gajere ya dubi wayar, ya dubi Maliki, ya yi dariya.

"To miye na tsugunawa kamar an yi maka rasuwa? Ba da asurans ka saye ta ba?"

Gaskiyarsa. Lokacin da Maliki ya sayi wayar, ya shiga tsarin inshorar da mutanen nan ke kira asurans: kana biyan ɗan wani abu duk wata, in wayar ta fashe bisa haɗari a ba ka sabuwa. Sharaɗi ɗaya ne aka nanata masa, cewa ban da wadda mutum ya fasa da gangan.

"Ai ni na maka ta," in ji Maliki.

"Wa ya gani? Ka ce sa ne ya taka ta. A Etoudi muke fa, wa zai yi maka musu? Kuma in ka duba da kyau, fushi ma ai tsautsayi ne. Ka tashi da safe da niyyar fasa waya? Ƙaddara ce ta zo."

Kun san mu dai. Yaro ya fasa kwano mu ce tsautsayi, direba ya yi gudun ganganci ya faɗa kwata mu ce tsautsayi. Kalmar tana da faɗi, kowa na samun wurin fakewa a cikinta. Maliki ya juya maganar a ransa, ya ji ta fara zauna masa daidai. Wata goma sha ɗaya yana biya bai taɓa karɓar ko tsinke ba, kuma kamfani ne can wani wuri, ba mutumin da ya sani ba.

Bayan azahar suka tari tasi suka nufi shagon da ya sayi wayar, a bakin hanyar da ta haura Tsinga.

Mai shagon wani dattijo ne ɗan ƙabilar Bamileke, Kirista, ana ce masa Pa Kamdem. Ya fi shekara ashirin yana ciniki da mutanen Brique, har Hausa ta zauna a bakinsa, ko da yake a karkace. Yana da wata al'ada da kowa ya san shi da ita. A ƙa'ida, in waya ta fashe sai an aika ta wurin masu bincike, a yi mako uku ana jira. Amma kamfanin ya yarda da sa hannun Pa Kamdem. Shi kuma ya daɗe da lura cewa dattijon Musulmi ba ya rantsuwa da Allah a kan ƙarya. Saboda haka in ɗan unguwa ya zo, ba ya wahalar da shi. Zai ce ya faɗi abin da ya faru, ya ce wallahi, shi kuma ya sa hannu a matsayin shaida, ya miƙa sabuwar waya nan take.

Pa Kamdem ya juya gawar wayar a hannunsa ya girgiza kai.

"Alaji, wannan ta sha wahala. Me ya same ta?"

Gajere ya riga shi. "Sa ne ya taka ta, Pa. Wani ƙaton bijimi, a gabana aka yi."

"Sa kuma." Dattijon ya yi ɗan murmushi. "Shanun Etoudi ba sa son waya bana. Wannan ce ta tara da suka taka min. Har kamfani sun kira ni, sun ce in abin ya ci gaba za su ƙara wa kowa kuɗin wata, ko su daina karɓar sa hannuna. Na ce musu mutanena ba sa rantsuwar ƙarya."

Ya jawo takarda ya cike ta da Faransanci, ya shiga ciki ya fito da sabuwar waya a kwalinta, ya ajiye a kan kanta. Sannan ya ɗora biro a inda zai sa hannu.

"To Alaji, kai ne mai waya. Aksidan ne, wato haɗari? Ka ce wallahi kawai, mu gama."

Maliki ya buɗe baki. Ga kwalin a gabansa, ko taku ɗaya babu tsakaninsu. Gajere na taka masa ƙafa a hankali. Kalma ɗaya ce, wadda a kasuwa yake jin ana faɗinta sau ɗari kafin la'asar, a kan kuɗin akuya ma.

Amma ta ƙi fita. Ya dubi dattijon nan da ba addininsu ɗaya ba, wanda ya ɗauki sunan Allah a bakin Musulmi ya fi binciken injiniya ƙarfi, har ya jingina sunansa da shagonsa a kai. Kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

"Pa, ajiye biron," ya ce a hankali. "Ba sa ba ne. Ni ne. Ƙanena ya ɓata min rai, na maka ta da ƙofa da hannuna."

Gajere ya saki baki, sannan ya shiga duban silin kamar yau ya fara ganinsa.

Pa Kamdem ya cire tabarau. "Ka san in haka ne asurans ba za ta biya ba?"

"Na sani."

"Kuma ba zan iya rubuta wani abu daban ba, tunda ka faɗa min."

"Ban ce ka rubuta ba, Pa. Ka yafe min da na shigo da niyyar da na shigo da ita."

Dattijon ya yaga takardar, ya ɗauki kwalin ya mayar ciki. Ba zan ɓoye muku ba, Maliki ya bi kwalin nan da ido har ya ɓace, kuma ya ji zafin abin sosai. Ya tattara gutsattsarin wayarsa ya zuba a aljihu, ya yi sallama ya juya.

A bakin ƙofa Gajere ya fara. "Kai dai Allah ya shirye ka. Yanzu da me za ka yi Sallar? Da 'yar coronko, ƙaramar wayar nan mai madannai, za ka ɗauki hoton rago?"

"Gajere, na fasa waya da fushi. Ba zan haɗa da rantsuwa in fasa wani abin ba."

Ba su kai titi ba suka ji ana kira. Pa Kamdem ne ya biyo su, riƙe da wata waya mai ɗan tsagi a gefe, yana cire layinsa daga ciki.

"Wannan tawa ce, ba ta kamfani ba. Ta tsufa, amma kyamararta na gani da kyau. Ka yi aikin fête du mouton, Sallar layyarku, da ita, bayan Sallah ka dawo min da abata."

Maliki ya tsaya sororo. "Pa, ba takarda? Ba jingina?"

"Wace takarda? Shekara ashirin ina karɓar wallahi a shagon nan, kwanan nan na fara tunanin ko wauta nake yi. Yau na ga wanda ya bar sabuwar waya don kada ya faɗe ta a banza." Ya miƙa masa. "Za ka dawo da ita?"

Idanun Maliki suka kawo ruwa. Ya karɓa da hannu biyu.

"Wallahi zan dawo da ita."

"Shi ke nan, ta ishe ni," in ji dattijon, ya koma shagonsa.

Ragunan Sabiru sun iso saura kwana huɗu, kuma da wayar aro Maliki ya sayar da su har na ƙarshe. Ranar uku ga Sallah ya mayar da ita, tare da cinyar rago a leda. Sabuwar waya kuwa sai da ya yi wata biyu yana tari kafin ya saya da guminsa. Ni dai mutumin nan ya burge ni, don na san da yawanmu da mun faɗi kalmar nan mun wuce, har mu ce dabara muka yi.

Darasi: Asurans an yi ta ne don haɗari na gaskiya, kuma duk wanda ya fasa da hannunsa ya kira shi tsautsayi, haƙƙin sauran masu biya ya ci, ya kuma zubar da yardar da ake yi wa al'ummarsa. Kada ka sayar da rantsuwarka a kan abin da wata biyu za su sayo maka. Ku tura wa 'yan uwa da abokai wannan labari, wataƙila wani na kan hanyar shago yanzu da fasasshiyar waya a aljihu.