Tuffa a Tumbin Alƙali

Akwai wani dattijo a garinmu, nan gindin duwatsun Idaho a Amurka, ana ce masa Orvin Haugen. Walda ce sana'arsa, amma ba da ita aka san shi ba. An san shi ne da farautar elk, ƙatuwar barewar nan ta kan dutse wadda namijinta ke ɗauke da ƙahoni kamar rassan bishiya.

Mu nan kowa maharbi ne a baki. Ka shiga shagon kofin Verna da safe a watan Satumba, lokacin da ake buɗe farauta, za ka ji wanda ko tudu bai taɓa hawa ba yana ba da labarin yadda ya kusa kama elk da hannu. Amma idan Orvin ya fara magana, har maƙaryatan sukan yi shiru su saurara.

Da kwari da baka yake farauta, a ƙafa. Yakan ce dabba tana da hanci da kunne da gudu, kai kana da wayo da haƙuri, to a bar kowa ya gwada nasa. Wanda yake zuba wa dabba gishiri ko abinci ya laɓe yana jiranta, Orvin ba ya ce masa maharbi, mahauci yake kiransa. Doka ma ta hana hakan, amma shi ba don tsoron doka yake ƙyamar abin ba. Sunan da ya yi na maharbi mai gaskiya shi ne duk abin da ya tara a duniya, don ba shi da mata, ba shi da ɗa.

Yana da ƙane mai suna Merle, mai gonar tuffa a bakin rafi. Merle mutumin kirki ne, ba na musu. Sai dai irin mutanen nan ne da tausayinsu ya fi tunaninsu sauri, kuma kullum gani suke sun fi ka sanin abin da ya dace da kai.

A can saman dutse akwai wani tsohon bijimin elk da Orvin ya shafe shekaru yana bi. Alƙali suke ce masa, don duk shekarar da Orvin ya kai ƙara gabansa, shi ke yanke hukunci, kuma bai taɓa yanke mai daɗi ba. Wata shekarar iska ta juya ta kai masa ƙanshin mutum, wata shekarar reshe ya karye a ƙarƙashin takalmi. Orvin yakan dawo hannu rabbana, yana ɗingishi yana dariya, ya kwashe lokacin sanyi kaf yana ba mu labarin yadda aka kayar da shi.

Sai gwiwoyinsa suka gaji. Likita ya gaya masa gaskiya, cewa idan ya samu ya hau dutse a wannan shekarar, to ya yi ban kwana da shi.

Orvin ya karɓi maganar kamar ba komai. Merle ne abin ya hana sukuni. Ya dubi yadda yayansa ke dafa bango kafin ya sauka daga matakala, ya yanke a ransa cewa wannan tsoho ba zai iya kai wa inda Alƙali yake ba. Tunda haka ne, sai dai a sauko masa da Alƙali.

Tun kafin a buɗe farauta ya fara ɗora buhunan tuffa a kan alfadarinsa, yana kai wa wani ɗan fili kusa da maɓuɓɓugar ruwa, inda hawan ba shi da tsanani. Matarsa Dorine ta gane abin da ake ciki, ta tare shi a bakin rumbu. Ta ce masa yayansa zai fi son ya sake dawowa ba komai da a ba shi irin wannan kyauta.

Merle ya ce, "Ke dai ba ki ga yadda yake tafiya ba ne. Kuma wa zai gaya masa? Alfadarin?"

Ana gobe za su fita farauta shi da Orvin, ya hau ya tsince ragowar tuffar tas, ya share wurin da reshe.

Da ya kawo shawarar su tsaya a wannan fili, Orvin ya yi masa dariya. Ya ce, "Kai ƙanena, ka tsaya a kan tuffarka. Nan ai wurin matan elk da 'yan maruƙa ne. Alƙali ba ya saukowa kotun ƙasa." Merle ya nace, ya ce ya ga sawu babba a wurin. Orvin ya je ya duba, ya ga sawun da idonsa, ya yi murmushi.

Da sanyin safiya suka laɓe. Orvin ya ɗauko bututun da yake kwaikwayon kukan bijimi da shi, ya busa. Can cikin itatuwa sai aka amsa. Ya sake busawa, aka sake amsawa, kusa fiye da ɗazu. Ba a jima ba Alƙali ya fito fili, tururi na fita daga hancinsa, yana sunkuyar da kai yana shinshina ƙasa. Orvin ya ja baka, kibiya ta shiga inda ya nufa. Bijimin bai yi nisa ba ya faɗi.

Tsohon nan ya durƙusa da gwiwoyin da ba sa durƙusuwa, ya ɗora hannu a wuyan dabbar, hawaye na bin gemunsa. Ya ce, "Ka gani, Merle? Ya amsa mini. Duk shekarun nan, yau ya amsa mini."

Merle ya ji daɗin da bai taɓa ji ba. Abin da ya manta shi ne al'adar gidansu. Tun daga mahaifinsu, idan sun kashe dabba sukan tsaga tumbinta su ga abin da take ci, don su san inda 'yan uwanta ke kiwo.

Orvin ya sa wuƙa. Cikin ciyawar da ke tumbin, sai ga gutsattsarin tuffa, jajaye, wasu ko narkewa ba su fara ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Merle, a ina tuffa ke tsirowa a kan dutsen nan?"

Merle ya fara kame-kame, daga baya ya ce, "Yaya, don kai na yi. Na ga ƙafarka ba za ta kai ka sama ba."

Orvin ya ce, "Ashe ba kirana ya amsa ba. Karin kumallo ya zo yi." Ya goge wuƙar a wando, ya ƙara da cewa, "Ka zauna kai kaɗai ka yanke cewa na ƙare, ko tambayata ba ka yi ba."

Bai yi faɗa ba, kuma wallahi da ya yi faɗan da ya fi sauƙi. Suka gyara naman tsaf, don a gidansu ba a barin nama ya lalace ko da rai a ɓace. Suka ɗora wa alfadari suka sauko.

Daga gindin dutse Orvin bai nufi gida ba. Ya loda kan da naman a a-kori-kurarsa, ya wuce wurin jami'in kula da namun daji, ya ce ya harbi dabba a inda aka zuba mata abinci. Jami'in ya san shi tun yana yaro, ya yi ta tambayarsa wanda ya zuba. Amsa ɗaya Orvin ya ba shi, cewa kibiyar tasa ce. Aka karɓe ƙahonin da naman, aka hana shi farauta na wasu shekaru, shekarun da gwiwoyinsa ba su da su.

Kafin sati labari ya zagaye gari. Kun san mutane da faɗuwar mai gaskiya, daɗinta suke ji kamar an biya musu bashi. Waɗanda ya taɓa kira mahauta suka samu abin yi. Wani ma cewa ya yi wa ya sani ko duk dabbobin da ya kashe a baya da tuffa aka kira su.

Merle ya kasa jurewa. Wata safiya ya miƙe tsaye a shagon Verna, ya faɗi komai, ya ce shi ya zuba, yayansa bai sani ba. Sai wani ya dafa kafaɗarsa ya ce ai irin ƙanen da ake so ke nan, mai ɗaukar laifin yayansa ya ɗora wa kansa. Har kofi aka saya masa. Ni dai na yarda da shi, don Dorine maƙwabciyata ce kuma ita ta ga buhunan. Amma mu nawa ne?

Har yau 'yan uwan biyu suna zama teburi ɗaya, Merle ne ma ke ɗauko shi a mota. Sai dai Orvin ya daina ba da labari, kuma ba mai tambayarsa. Raina yana ɓaci duk Satumba idan na ga maƙaryata na cika baki, shi yana juya cokali a kofi.

A bara wani baƙo ya shigo ya tambayi wane ne wancan tsohon. Na kusa da shi ya ce, "Orvin ke nan, wanda aka kama da tuffa."

Merle ya yunƙura zai tashi, fuskarsa ta yi ja. Orvin ya riƙe masa hannun riga, ya ce a hankali, "Zauna, Merle. Taimakon da ka yi mini ya isa haka."

Darasi: Kada ka taimaki mutum ta hanyar da ka san zai ƙi idan ya sani. Nasarar da aka samu da yaudara ba kyauta ba ce, ko da ƙauna ce ta kawo ta, kuma sunan da ka ɓata wa ɗan uwanka ba lallai ka iya wanke shi ba ko ka fito ka faɗi gaskiya. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, wataƙila wani yana shirin yin irin wannan taimakon.