Jar Tutar da Walt Ya Kafa

Akwai wani dattijo mai suna Walt Brekke a duwatsun Alaska, sana'arsa raka 'yan yawon buɗe ido kan kogin ƙanƙara. Ƙanƙarar nan ita ta sassaƙe kwarinsu tun kafin a haifi kakan kowa, ta bar musu tafki da tulin tsakuwa. A bakinta mahaifin Walt ya gina bukkarsa. Yanzu kuwa ta janye can sama, sai mutum ya jiƙe da gumi kafin ya taka ta.

Masu rakiya a wurin suna da al'ada. Ƙanƙarar tafiya take yi a hankali, kowace shekara ta tsage a sabon wuri, dusar ƙanƙara ta rufe bakin ramin kamar ba komai. Don haka kafin baƙi su fara zuwa, mai rakiya zai bi hanya da doguwar sandar ƙarfe yana sokawa taku bayan taku. Inda ya tabbatar, ya kafa jar tuta. Ma'anarta ɗaya ce, wato an gwada nan, taka ba fargaba.

A shekarar nan Walt ya gaji, gajiya ta gaske. Gwiwoyinsa sun ƙi shi. Ya gaji da tsintar robobin ruwa, ya gaji da masu tattake ɗan tsiron da ya ɗau shekaru kafin ya fito a tsakuwa, ya gaji da tambayar, "Ina ƙanƙarar da muka gani a hoto?" Ana cikin haka aka yi masa waya cewa motar baƙin farko za ta iso kafin lokacin da aka saba.

Ya hau ya soka fiye da rabin hanya. Da ya kai wani shimfiɗaɗɗen fili fari fat, ya tsaya yana haki. Wurin nan bai taɓa tsagewa ba tun yana saurayi. Sai ya rataye sandar, ya bi ta gefen dutse ya zagaye, yana miƙa hannu yana kafa tutoci a filin inda ya tuna na bara suke, ba tare da ya soka ba.

Da ya dawo gida, matarsa Darlene ta dube shi, ta dubi rana.

"Yau kuma da wuri haka, tsoho? Ko ƙafar ta koma ta samari ne?"

"Ke dai zuba min kofi."

"Walt, ka soka duka?"

"Haba Darlene! Ni za a koya wa ƙanƙarar nan? Na fi sanin ta a kan fuskarki."

"To, Allah ya sa ita ma ta san ka," ta faɗa, ta ajiye masa kofin da ƙarfi.

Ranar da baƙi suka iso, gwiwarsa ta kumbura, ko takalmi ya kasa sawa. 'Yarsa Renae, wadda ita ma rakiyar take yi, ta ɗauki igiyar da masu hawa ke ɗaure juna da ita.

"Baba, huta abinka. Ai ka gama mai wuyar, nawa bin tuta ne kawai."

Ya so ya faɗa mata bai soka filin ba, sai kunya ta riƙe shi. Ya ce, "Ki kula."

A filin nan, Renae tana gaba, dusar ta rufta da ita. Igiya da baƙin da ke bayanta suka hana ta kaiwa ƙasan ramin, amma ƙugunta ya karye. Likitoci suka ce za ta yi tafiya, hawan ƙanƙara kuwa ta yi sallama da shi.

Walt ya shiga ɗakin asibiti ya kasa haɗa ido da ita. Ba ta yi masa faɗa ba, da ta yi ma da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Baba, ka san ban taɓa taka wurin da ban duba ba. Amma ranar nan, wallahi ko ƙasa ban kalla ba, don na ga tutarka ce."

Darasi: Idan mutane sun yarda da alamarka, rayuwarsu suke ɗorawa a kanta. In ka gaji, ka ce ka gaji, kada ka nuna ka gama aikin da ba ka yi ba, domin wanda zai fara takawa wataƙila naka ne. Ku tura wa duk wanda wasu ke dogaro da aikinsa.