Jar Dawar da Ta Ɓata daga Rumbu

Akwai wani mutum wanda aikinsa ajiyar iri ne. Kowace kaka yakan zaga gonaki ya zaɓi zangarniya mafi kyau, farar dawa da ja, ya rataye su inda hayaƙi zai kore ƙwari. Samari kuma suna koyo a wurinsa.

Sai wani attajiri mai neman sarautar garin ya gina masa babban rumbu, ya ɗauki nauyin ciyar da ɗalibansa. Jar dawa kuwa abincin mutanen bayan dutse ce, su da ba sa goyon bayan attajirin. Wata rana ya leƙa rumbun, ya yamutsa fuska, ya ce, "Malam, har da wannan a rumbuna?"

Bai ce a zubar ba. Amma malamin ya riƙe maganar a ransa. Bana ya rage jar, baɗi ya ƙara ragewa, har ya shiga koya wa ɗalibansa cewa abincin dabbobi ce. Mutanen bayan dutse ma suka daina shuka ta don kunya.

Malamin ya mutu, ɗalibansa suka gaje shi. Sai wata shekara damina ta makara. Wata gwauruwa mai riƙon jikoki ta zo ta ce, "'Ya'yana, ku taimake ni da jar nan mai saurin nuna."

Suka ce, "Iya, mun yi karatu, wannan ba irin shuka ba ne."

Ba ƙarya suke yi ba, abin da aka koya musu ke nan, wannan ne kuma ya fi ba ni baƙin ciki. Gwauruwar ta shuka farar dawa, ruwa ya ɗauke kafin ta nuna. Yunwa ta kashe ƙaramin jikanta.

Ma'anar wannan misali ita ce: iri shi ne ilimi, rumbu kuwa makarantun da ake nazarin addini a cikinsu. Attajirin shi ne duk mai mulki ko mai dukiya da yake riƙe da makaranta. Ba sai ya hana koyar da wani abu ba, fuska kawai zai ɓata, malamai su bar tambayar da ba ya so da tarihin mutanen da ya tsana.

'Yan'uwa, musamman ku malamai da fastoci, me kuka daina koyarwa don kada ran wani babba ya ɓaci? Abin da kuka bari don tsoro, ɗalibanku za su bar shi da zuciya ɗaya, suna tsammani gaskiya suke bi. Ranar da mabukaci zai zo nemansa, ba zai samu ba.