Karfasa Mai Goyo a Baki

Ga ta nan, ga ta nanku, yau a jiƙe ta zo.

Ta shigo mu ji ta, ma shanya ta daga baya.

To, a wani tafki aka yi wata Karfasa mai 'ya'ya. Kun san halin karfasa, a baki take goyo. Ta kwashe 'ya'yanta ta zuba a baki ta rufe gam, domin Tsage, kifin nan mai haƙora, yana nan yana gewayawa. In ta kuskura ta buɗe baki, ya samu kalaci.

Mai girkin tafkin nan kuwa Gwaggo Gansakuka ce. Ba ta da itace, ba ta da tukunya. Hasken rana take kamawa da koren ganyenta ta dafa, ɗumin ruwa shi ne wutarta. In girki ya kankama, sai 'yar kumfa ta riƙa tashi daga ganyen, ƙanana-ƙanana. Wannan kumfar kifaye ke shaƙa. Ba kumfa, ba numfashi.

Shi kuma ruwan aljanu biyu ke riƙe da shi, ya da ƙanwa, Ƙuna da Ɗari. Da can tare suke wasa, su birkita ruwa ya surku, ba zafi ba sanyi. Ana nan sai suka saɓa a kan wa ta fi wata, har ba sa ga-maciji. Ƙuna ta kama sama, ruwa ya yi zafi zau. Ɗari ta kama ƙasa, ruwa ya yi sanyi ƙalau. Kumfa ta ɗauke.

Daga cikin bakin Karfasa 'ya'ya suka ce, "Inna, Inna, iska ta ƙare."

Ta ce, "Mmm."

Hankalinta ya tashi, ta ruga wurin Gwaggo Gansakuka. Ta tarar da ita a yanƙwane. Gwaggo ta ce, "'Yata, ba sai kin faɗa ba. Ga rana nan tarwai, amma ƙafata ta ƙanƙare, kaina ya dahu. Ta ina zan yi girki? In ba a surka ruwan nan ba, ku da kumfa sai dai labari."

'Ya'ya suka ce, "Inna, Inna, auta ya yi shiru."

Karfasa ta nutsa ƙasa wurin Ɗari, da niyyar roƙo. Ta durƙusa. To da wane bakin za ta yi roƙon? Ɗari ta taɓa ta, ta ce, "Ke, jikinki da zafi. Ƙuna ce ta aiko ki?"

Karfasa ta ce, "Mmm."

"Zagina ta yi ko?"

Nan fa dabara ta faɗo mata. Ta kawar da kai kamar mai jin nauyi, ta ce, "Mmm."

"Cewa ta yi ba na iya ka da ta?"

Ta lumshe ido, ta ja shi da tsawo. "Mmmmm."

Ɗari ta miƙe tana ɗaure zane.

Karfasa ta cilla sama wurin Ƙuna. Ita wannan ma ba ta jira an gama durƙuso ba. "Jikinki da sanyi. Daga wurin waccan marar kunyar kike? Ni ta zaga? Ni yayarta? Tsohuwa ta ce mini ko?"

"Mmm."

Ai kuwa Ƙuna ta sauko, Ɗari ta hau, suka haɗu a tsakiyar tafki. Aka kama kokawa. Wannan ta ɗaga wannan ta maka, wannan ta ɗaga wannan ta maka. Ruwan sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama. Tsage ya zo kallo, igiyar ruwa ta sure shi ta jefa kan tudu, can wani masunci ya yi godiya.

Ruwa ya surku. Gwaggo Gansakuka ta yi miƙa, ta ware ganyenta, ta kama rana. Kumfa ɗaya ta tashi. Wata ta biyo. Kafin ka ce me, tafki ya cika da kumfa.

Karfasa ta buɗe baki, 'ya'ya suka fito suna shaƙa. Auta ne kawai bai motsa ba. Ta tura shi da hanci cikin ganyen Gwaggo, inda kumfa ta fi yawa. Can sai ya yi atishawa, ya ce, "Inna, yunwa."

Karfasa ta yi guɗa, tafki duk ya amsa.

Aljanun suna zaune suna haki, kowacce ta ce ba ta zagi kowa ba. Suka juyo kanta. "Ke kika ce an zage mu."

Karfasa ta ce, "Ni? Ranku ya daɗe, bakina a cike yake. Kowacce da bakinta ta zagi kanta."

Kunya ta kama su, suka fashe da dariya. Tun daga ranar suka koma wasansu, Gwaggo kuma ba ta sake sauke girki ba.

Ƙurunƙus kan Tsage, wanda ya je kallo ya kwana a miya. Ku dai ku riƙe wannan: girki ba ya son wuta ta yi yawa, ba ya son ta mutu. In kuma kun ji haushin ɗan'uwanku, ku tambaye shi abin da ya faɗa kafin ku ɗaure zane.